Abin da Aka Ciro Daga Kan Malam Tsaf

Duk layin mahauta babu wanda ba ya jin haushin Malam Tsaf, kuma babu wanda ba ya turo masa mai saye idan ana neman naman fita kunya. Ba sunan yanka ba ne, tsabtarsa ce ta jawo masa. Mutum ne da zai wanke tebur kafin ya ɗora nama, ya wanke bayan ya sauke, sannan ya tsaya yana harararsa kamar teburin ya ɓoye masa wani abu. Ƙyallen aikinsa, wanda yake ratayawa a wuya ya ɗaure a ƙugu, fari ne tas, da jini ya ɗan yi masa yawa sai ya cire ya ɗauko wani. Da a nan ya tsaya, da babu laifi. To amma Allah ya ba shi baki, kuma Dogo, maƙwabcin teburinsa, shi ya fi kowa shan wannan bakin.

"Dogo, ƙudajen nan naka 'yan uwa ne ko baƙi?"

"Abokan ciniki ne, Malam Tsaf. Su ba sa taya nama su wuce."

Idan aka feɗe sa, sai Malam Tsaf ya tsaga harshe da zuciya da tsokar muƙamuƙi ya duba da idonsa. Wani lokaci yakan ci karo da 'yan ƙullutun nan farare masu kama da tsabar shinkafa, tsutsar da ke kwanciya a cikin nama. Ranar kuwa sai kowa ya ji. Zai ɗaga yankin sama a bakin wuƙa ya ce, "Wannan ko kare ba na ba shi!" sannan ya kalli teburin Dogo, ko da naman ba daga can ya fito ba.

Ciwon kai ya daɗe yana damunsa, yana shan ƙwaya yana cewa rana ce. Ranar da abin ya fito fili, yana tsakar auna wa wata mata tsoka sai hannunsa na hagu ya kama rawa shi kaɗai. Ya kalli hannun da mamaki, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya zube tsakanin teburin da gungumen sara yana jijjiga. Dogo ne ya tsallako, ya janye wuƙaƙe, ya tallafe masa kai da hannayen nan da ake zagi kullum, har aka samu mota.

A asibiti aka tura shi cikin na'urar ɗaukar hoton kai. Hoton ya nuna wani ɗan dunƙule a gefen dama na ƙwaƙwalwa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, da kumburi kewaye da shi. Kafin likita ta ce uffan, yayansa ya riga ya gama nasa binciken a bakin ƙofa. Kansa ce, in ji shi, haka ta yi wa wani abokinsa. Kafin yamma duk dangi sun ji, kafin wayewar gari duk layin mahauta sun ji.

Likitar mace ce mai sanyin murya, mai saurin hannu, tana kiransa Baba. Ta zaunar da shi da matarsa, wadda kowa har shi yake kira Umma, ta ɗaga hoton a jikin fitila.

"Kansa ce ko?" ya tambaya, yana so ya riga ta faɗa.

"Ban sani ba tukuna, Baba. Hoto inuwa yake nunawa. Ƙari ne, ko ƙurji ne mai mugunya, ko tarin fuka ne ya hau kai, duk a hoto suna iya kama da juna. Kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan, wani ma ɓarna zai yi. Sai mun ciro ɗan gutsure mun kai ɗakin gwaji an duba shi a madubin da ke ƙara girman abu."

"Ku fasa mini kai ke nan."

"'Yar ƙofa za mu yi, ba ta kai bakin kwalba ba. Kai in ka ga sa a tsaye yana sheƙi, za ka rantse a kan hantarsa?"

"Sai na feɗe," ya ce, ba tare da ya yi tunani ba.

"To ka gani. Mu ba feɗe ka za mu yi ba, ɗanɗano kawai muke so."

Maganar ta shige shi, domin da harshen sana'arsa aka yi ta. Ya sa hannu. Aka aske masa gefe guda, aka shiga da shi ɗakin tiyata, ya farka da ɗinki da bandeji da wani ɗaci a maƙogwaro. Aka sallame shi aka ce ya dawo in sakamako ya fito.

Kwanakin jiran nan, gaskiya ita ce Malam Tsaf ya ji tsoro, amma ya kuma ɗanɗani wani abu mai daɗi da ba zai taɓa yarda ya faɗa ba. Falonsa ya cika da masu dubiya. Mutanen da ya daɗe yana gaya wa magana sun zo sun durƙusa suna cewa su dai ba su san shi da komai ba sai gaskiya. Shi ma ya nemi gafarar kowa cikin wata murya mai taushi da babu wanda ya san yana da ita. Dogo ya karɓi teburinsa yana riƙe masa, har ya rantse cewa yana wanke shi safe da yamma. Kansa ciwo ne mai ban tsoro, amma ba ya zubar wa mutum da mutunci. Mai ita ana rage murya a gabansa.

Ranar karɓar sakamako ya hana Umma shiga.

"Ki jira ni a nan. Abin da za a faɗa, bari in fara ji ni kaɗai."

Ta zauna a bencin baranda da jakar magunguna a cinyarta. Ya gyara hula a kan ɗinkin, ya shiga yana takawa a hankali irin na wanda ya shirya wa komai.

Likitar tana murmushi. Ta juyo masa da fuskar kwamfuta. Hoto ne mai ruwan hoda da shuɗi-shuɗi: wata 'yar jaka zagayayya, a cikinta wani ɗan kai mai zoben ƙugiyoyi.

"Baba, labari mai daɗi. Ba kansa ba ce. Ba ma ƙari ba ne. Tsutsa ce, 'yar tsila, ta yi jaka ta kwanta, jikinka yana yaƙi da ita shi ya sa wurin ya kumbura. Tana jin magani. Da yardar Allah za ka koma kan teburinka."

Ya matsa kusa ya ƙura wa hoton ido. Bai taɓa ganinta da wannan girman ba, amma ya gane ta. Ita ce tsabar shinkafar nan.

"Wadda muke gani a naman shanu?"

"'Yar uwarta. Ta shanu ba ta hawa kan mutum. Wannan ta alade ce."

Da mari ta yi masa, da ya fi sauƙi. Ya ji zafi ya taso daga wuyansa ya mamaye fuskarsa har ƙarƙashin hula. Ya waiga ya tabbatar ƙofa a rufe take.

"Likita, ni? Ni da ko sunansa ba na so a kira kusa da teburina? Wallahi tun da uwata ta haife ni..."

"Na yarda, Baba, ba sai ka rantse ba. Ba cin naman ke kai ta ƙwaƙwalwa ba. Wanda ya ci naman, a hanjinsa tsilar take zama, ƙwanta kuma yana fita ta bayan gidansa. In bai wanke hannu ba ya taɓa abinci, ko ruwa ya gurɓata, ko ganyen da ba a wanke sosai ba, sai wani daban ya haɗiye ƙwan. Shi ne take bin jini ta hau kai. Tana iya shekaru a kwance, ba za ka taɓa sanin inda ka ɗauko ta ba."

Baiwar Allah, ita a ganinta lallashinsa take yi. Ba ta san ta cire shi daga rami ta jefa shi a masai ba. Wato in bai ci alade ba, to ya haɗiyi ƙazantar wani. Shi, Malam Tsaf. Ta rubuta magunguna, na kashe tsutsa da na sauke kumburi da na hana jijjiga, ta yi masa bayanin kowanne, yana ɗaga kai ba ya ji. Abin da ya ji kawai shi ne na ƙarshe.

"Ka kawo mutanen gida a duba bayan gidansu, ko da wani yana ɗauke da ita bai sani ba. Wannan kar ka yi wasa da shi."

Tsakanin kujerar likita da ƙofa bai fi taku kaɗan ba, amma a ciki ya ga komai. Ya ga Dogo ya riƙe ciki yana dariya. Ya ga mata masu cefane suna wuce teburinsa suna zunguran juna: ai shi ne mahaucin da aka ciro tsutsar alade daga kansa. Wa zai tsaya ya saurari zancen ƙwai da hanji da ganye? Kalma ɗaya za a riƙe, kuma ita za ta bi shi, ta bi 'ya'yansa. Shekaru yana gina suna guda ɗaya, bai da wani abin da ya fi shi.

Umma ta miƙe da ta gan shi. Ta kalli fuskarsa, ta ga yadda ta lalace, sai jakar ta zame daga hannunta.

"Malam, me suka ce?"

Ya kasa kallonta. Ya kalli tayil ɗin ƙasa ya ce, "Sai addu'a."

Bai yi ƙarya ba, haka ya riƙa gaya wa kansa a cikin mota. Wane ne ba ya bukatar addu'a? Amma ya san abin da kalmomin nan ke nufi a bakin wanda ya fito daga ɗakin likita, kuma ya san haka ta ji su. Ba ta yi kuka a hanya ba. Ta dai riƙe hannun rigarsa har gida, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

Nan fa aka shiga wani zama mai wuya. Magani ya kama aiki. Ciwon kai ya ja baya, hannu ya daina rawa, na sauke kumburin kuwa ya buɗe masa ciki har yana jin zai iya cinye sa guda. Ga shi kuma shi ne majinyacin da ake lallaɓawa. Umma za ta kawo masa 'yar romo a ƙaramin kwano ta zauna tana roƙonsa ya daure ya sha, shi kuwa hankalinsa yana kan tukunya. In ta fita shanya sai ya lallaɓa kicin ya ci a tsaye, ya goge baki, ya dawo ya kwanta ya rage ido. Mutum mai jikoki yana satar abinci a gidansa. Kowace loma da kunya take wucewa, amma tana wucewa.

Kumatunsa suka ciko. Masu dubiya suka fara cewa ai Malam jiki ya yi kyau, sai dai suna faɗa suna kallon juna. Wata gwaggon Umma ta ja ta gefe, da muryar da ta ɗauka raɗa ce, ta ce irin wannan sauƙin na farat ɗaya shi ake tsoro, sau da yawa ban kwana ne. Yana kwance yana ji. Daga ranar duk loma ɗaya da ya ƙara, sai Umma ta rage tata. Yana cika tana zubewa. Zobenta ya fara yawo a yatsa har ta naɗa masa zare. Ta daina kunna rediyo. In yana barcin rana sai ya ji ta tsaya a kansa tana kallon ƙirjinsa ko yana motsi, shi kuma ya ci gaba da rufe ido don ba shi da fuskar da zai buɗe su da ita.

Dogo yakan biyo bayan an tashi kasuwa, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya nuna tafukan hannunsa.

"Duba, Malam Tsaf, har da sabulu. Kar ka ce na kawo maka baƙi."

"Zauna, Dogo."

"Teburinka yana nan kamar madubi. Matar nan mai son ƙashin baya kullum sai ta tambaye ka. Na ce mata ka kusa dawowa." Sai ya juya yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Sau da dama maganar takan zo wa Malam Tsaf har bakin leɓe. Zai ce, "Umma," ta taso da sauri ta ce, "Ina ne ke ciwo?" sai ya ce ruwa yake so. Kullum yana cewa gobe. Kuma kullum goben tana ƙara tsada, domin yanzu ba alade kaɗai zai faɗa ba, sai ya faɗi tun yaushe ya sani. Zancen kai mutanen gida gwaji kuwa ya danne shi can ƙasa, sai dai in jikarsa ta zo ta sa hannu a kwanonsa, nan gabansa yakan faɗi.

Wata rana da hantsi Umma ta tafi karɓo masa ragowar magani. Gidan ya yi shiru, ƙarfi ya ishe shi, hannunsa yana ƙaiƙayin aiki. Ya tuna da dutsen wasa wuƙarsa da ya ajiye a saman kwaba tun kafin ciwo. Ya taka kujera ya miƙa hannu, maimakon dutse sai ya taɓo wani ƙunshi a baƙar leda, an tura shi can ƙurya bayan akwati.

Ya sauko da shi ya buɗe a kan gado. Farin yadi ne, sabo fil, a ninke. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya ji kaurinsa, har ya yi murmushi. Auduga ce zalla, irin wadda ke shan wanki ba ta dafewa. Ashe Umma ta yi masa tanadin sababbin ƙyallayen aiki. Ya ɗaga yadin don ya ga tsawonsa, sai wasu abubuwa suka gangaro daga cikin ninkin: sabulu, ƙullin auduga, 'yar kwalbar turare, da kafur a takarda.

Ƙamshin kafur ɗin ne ya gaya masa. Ya saki yadin kamar ya taɓa wuta, sannan ya zauna a bakin gado. Likkafaninsa ne. Ya ga Umma a shagon mai yadi, ita kaɗai, tana faɗin yadi nawa take so, mai shago yana aunawa bai tambaye ta na mene ne ba saboda ya gane. Ya ga ta ɗauko shi a hammata ta bi titi da shi, ta shigo ta same shi kwance yana narkar da abin da ya sata a tukunya, ta tambaye shi ko yana son ruwa. Kunyar da ya ji a ɗakin likita ba komai ba ce. Wannan ita ce ta gaske.

Bai mayar da ƙunshin ba. A haka ta shigo ta same shi, yadin a baje a kan gado. Ta tsaya a bakin ƙofa, ledar magani a hannu, sai ta fara ba shi haƙuri.

"Malam, ka yafe mini. Ba fata nake maka ba, wallahi. Na ga kai mutum ne mai son abu mai kyau, na ce kar a zo ana gaggawa a sayo maka wanda ba ka so..."

"Umma, zauna."

"Da na san za ka hau can da na..."

"Don Allah ki zauna. Ba mutuwa zan yi ba. Wato, zan mutu, kowa zai mutu, amma ba wannan ba. Abin da suka ciro, ba kansa ba ce."

Ta zauna a hankali a kan kujerar da ya taka.

"Tsutsa ce," ya ce. "Irin ta cikin nama. Tana jin magani, ga shi ma ta ji. Sai dai ba ta shanu ba ce. Ta dabbar nan ce." Ya rage murya. "Wadda ba a ci."

"Alade?"

Ya runtse ido. "Ban ci ba, Umma, na rantse da..." Sai ya kwararo bayanin likita gaba ɗaya, hanji da ƙwai da hannu da ganye, yana tuntuɓe a kan kalmomi, gumi yana bin ɗinkin kansa. Ya jira ta ja da baya, ko ta toshe baki, ko ta tambaye shi inda ya je ya ci abin da ya ci.

Ko gezau ba ta yi ba. Aladen nan da ya hana shi sakat, ta tsallake shi kamar ba a faɗa ba.

"Za ka warke?"

"Haka likita ta ce."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, tana ta hamdala a ciki-ciki. Ya ɗan ji sanyi, har ya fara tunanin ya tsira. Sai ta sauke mayafin ta kalle shi da jajayen idanu.

"Yaushe ta gaya maka?"

Ya kau da kai ya kama ninke yadin.

"Malam, yaushe?"

"Ranar nan. Da kina baranda."

"Ranar da ka ce mini sai addu'a."

"Ai ban ce..."

"Kar ka soma." Ba ta ɗaga murya ba, shi ya fi ba shi tsoro. "Ka san abin da ka ce, ka san abin da na ji. Ina tsaye a kanka ina ƙirga numfashinka, kana ji. Na kira 'ya'yanka ɗaya bayan ɗaya na ce su yi haƙuri su shirya. Na je na tsaya gaban mai yadi bakina ya kasa faɗin abin da nake so, sai da ya ba ni kujera. Duk kana sane."

"Kunya na ji, Umma. Me mutane za su ce?"

"Kunyar Dogo ka ji. Kunyar masu cefane. Ni da nake wanke maka ƙyallen nan tun ba ka da tebur, ni ba ka ji kunyata ba."

 Ya gaya mata sauran, cewa likita ta ce a kai kowa gwaji, har jikar. Nan ne kawai ta ɗaga murya.

"Har da yarinyar ka zauna a kai? Tashi ka sa takalmi."

A ranar suka koma asibiti, washegari aka kai sauran. Ba a samu kowa da komai ba. Umma da kanta ta riƙa kiran dangi tana cewa ba kansa ba ce, tsutsa ce, kuma tana faɗin sunan dabbar ƙarara ba tare da ta rage murya ba, yana zaune yana ji kamar ana yanka shi da wuƙa marar kaifi. Yayansa ya ce shi dama tun farko bai yarda da zancen kansar nan ba.

Dogo kuwa da ya ji, ya yi dariyar da Malam Tsaf ya hango, har da riƙe ciki, har da hawaye. Sai dai hawayen sun ƙi tsayawa bayan dariyar ta ƙare, ya rungume shi da hannayen da bai wanke ba yana cewa, "Kai dai ka dawo, ɗan banza, ka dawo ka zage ni." Wasu masu saye sun ɗauke ƙafa, ba a rasa ba. Yawancinsu sun yi zancen kwana biyu suka koma tambayar ƙashin baya.

Umma ba ta sake tayar da maganar ba. Tana ba shi magani a kan lokaci, tana zuba masa abinci a babban kwano, amma hira ta ƙi dawowa, kuma zaren yana nan a jikin zobenta. Ya nemi ƙunshin don ya fitar da shi daga gidan, bai gan shi ba, bai kuma iya tambaya ba.

Ranar da likita ta yarda ya koma aiki, ya yi wanka ya fito yana neman tsofaffin ƙyallayensa. Umma ta miƙo masa wasu a ninke, an goge su sumul. Sababbi ne, da igiyar wuya da ta ƙugu, ɗinkin kekenta. Ya murza ɗaya tsakanin yatsu ya gane kaurin. An wanke shi, amma can ƙasan ƙamshin sabulu kafur ɗin bai gama fita ba.

"Umma, wannan ai..."

"Yadi ne mai kyau," ta ce. "Ni na zaɓa maka. Ka sa."

Ya rataya a wuya. Hannunsa ya kasa ɗaurin baya, ta zagaya ta ɗaure masa, ta ja da ɗan ƙarfi.

A layin mahauta aka taso ana yi masa barka. Teburin yana nan, ba kamar madubi ba, amma Dogo ya yi iya yinsa, kuma Malam Tsaf ya ga ƙuda a gefen sikeli ya kore shi bai ce komai ba. Matar nan mai son ƙashin baya ce ta fara zuwa. Ta yi masa sannu da jiki, sannan ta ja baya ta ƙare masa kallo.

"Kai, Malam Tsaf, ciwo bai canza ka ba. Wannan farin yadi haka, a ina ka samo?"

"Umma ce ta sayo mini," ya ce.

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da wasa wuƙar, ko da yake ta riga ta yi kaifi.